Tumbin da Na Samo a Magazar Gyaɗa

Ɗan kawuna ya cinye mini lafiya yana dariya. Shi ya ɗora ni kan aikin dare a magaza, wato babban ɗakin ajiyar gyaɗa na garin Gazawa, ya ƙi sauke ni har jikina ya lalace. Duk sanda na buɗe baki zan yi kuka sai ya mayar da maganar wasa, don taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. A wurinmu taubashi ko a tsakiyar kasuwa ya zage ka, dariya za ka yi, in ka ɓata rai kai ne marar tarbiyya. Da wannan igiyar ya ɗaure ni.

Tare aka kai mu lakol, makarantar boko. Ni ban yi nisa ba ubana ya ciro ni, gona ta fi ƙarfinsa. Shi ya zarce, ba don ya fi kowa kai ba, sai don babu wanda ya bukace shi a gida. Da na girma na samu gadi a magaza. Lokacin Nasara karɓa-karɓa muke yi, mako guda dare, mako guda rana. Ba zan yabi Baturen da ke shugabantar magazar ba, mugun mutum ne, amma ya san mai gadi ma yana barci.

Da aka samu mulkin kai aka sauke tutarsu aka ɗaga tamu, muka yi rawa har ƙafa ta yi ciwo. Ba a daɗe ba sai ga ɗan kawuna a kujerar Baturen, da tabarau wanda idonsa bai bukata ba, ana ce masa Mushe, yadda ake kiran maigida da Faransanci. Ya kira ni buro, ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ce daga yau dare nawa ne ni kaɗai, sauran masu gadin bai yarda da su ba, ni kuwa jininsa ne. Na fito ina jin kaina. Daga baya na gane sauran 'yan jam'iyya ne, suna son kwana a ɗakunan matansu, shi kuma yana tsoron bakinsu. Ni ne wanda ba ya tsoro.

Wanda bai yi gadin gyaɗa ba yana zaton zama ne kawai. Buhuna jibge sun fi soro tsawo, ga fitilar kananzir a hannunka, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye noman ƙasa guda. Manyan motoci suna zuwa cikin dare don gudun zafin rana, direbobi suna yi maka tsawa kamar kai ka haƙa ramukan hanya. In buhu ya ɓace jandarma ba su tambayar Mushe, ni za su ɗaure. Ɓera ya motsa, gabana ya faɗi. Haka zuciyata take bugawa daga isha'i har kiran asuba, kamar wanda ake bi.

Don kada barci ya sace ni na koyi goro, na koyi shayi wurin wani direba Buzu, irin wanda ake fasa kan sukari a zuba har ya yi kauri. Sannan ga wata yunwa da ke zuwa tsakar dare, wadda ban taɓa sanin irinta da rana ba. In cinye tuwon da matata ta ƙunso mini, in soya gyaɗar da ta zube a ƙasa, in bi da ƙuli-ƙuli. Da safe in sha fura in kwanta a kanta.

Wai in kwanta. Wa ya taɓa barcin rana a gidan Bahaushe? Turmi na nan yana aiki, jakin maƙwabci yana kuka, yara suna guje-guje, ɗaki ya ɗau zafi kamar tanda. Ka fara lumshe ido wani ya yi sallama, in ba ka fito ba a ce ka yi girman kai tunda ɗan uwanka ya zama Mushe. Surukata ta taɓa cewa, a inda ta san ina ji, ita ba ta taɓa ganin namiji kwance da hantsi ba sai marar lafiya ko rago. Suna ya wuce ni, jana'iza ta wuce ni. Gonata ta koma hannun ƙanena, jikin da ya saba da hauya ya daina zufa. Na zama mai faɗa a gida, 'ya'yana suka koyi tafiya da sanɗa.

Sai tumbi ya fito. Hannuwa da ƙafafu suna nan yadda suke, ciki kaɗai ya yi gaba. Nan ne jahilcin mutanenmu ya ƙarasa ni. Kowa ya gan ni sai ya yi mini barka, wai mulkin kai ya karɓe ni, wai na fara kama da manya. Ɗan kawuna kuwa ya samu ganga. Kowace safiya in ya zo karɓar makulli sai ya kaɗa cikina da yatsu a gaban leburori.

"Bawana, buhu nawa ka haɗiye jiya?"

Su kwashe da dariya, ni ma in yaƙe haƙora, don haka aka ce a yi.

Na roƙe shi ya dawo da karɓa-karɓa, ya ce ai ƙato irina in aka sa shi a rana narkewa zai yi. Na kai ƙara wurin kawu, tsohon ya yi murmushi ya ce shi ba ya shiga tsakanin abokan wasa. Uwata ta ce in yi haƙuri, ɗan ɗan'uwanta ne ya rufa mini asiri.

A lokacin ƙeyata ta riga ta fara sara kullum. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, in sha buta guda in zaga bayan magaza in dawo in sake sha. Tafin ƙafata kamar an zuba barkono. Matata ce ta fara lura tururuwa suna taruwa a inda na yi fitsari, ta faɗa mini tana kallon ƙasa. Na hau motar gyaɗa zuwa Maraɗi. Wani dattijon likita ya dafa fitsarina cikin 'yar kwalba da wani ruwa shuɗi, ya koma ja kamar jan bulo. Ya ɗaura mini abin awo a dantse ya girgiza kai. Ya ce sukari ne, kuma jinina ya hau. Da ya ji irin aikina ya ce jiki yana da lokacinsa na ci da na barci, ni kuma na birkita masa su shekara da shekaru, ga tsoro a kai. In ban bar dare da shayi ba, in shirya rabuwa da ido ko ƙafa.

Yau da nake rubuta wannan idona na hagu hazo ne, kuma ko da na daɗe da barin magaza, har yanzu gari na yin shiru sai idona ya bushe, in zauna ina gadin katangar gidana ba wanda ya sa ni. Ban mutu ba dai, kuma ƙafafuna biyu suna nan, saboda abin da na yi washegarin dawowata daga Maraɗi.

Na sami ɗan kawuna a buro da rana tsaka, yana tare da wasu fatake daga Agiye, ana shan lemo. Na gaishe su, na faɗa masa abin da likita ya ce, ban rage komai ba. Ya zare tabarau ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wurin baƙinsa.

"Ku ji mini ɗan gwaggona. Mai ciwo ramewa yake yi. Wannan kuwa ko sarkin fawa ya gan shi sai ya taya."

Suka yi dariya. Ya miƙo hannu zai kaɗa gangarsa. Na riƙe wuyan hannun, na ajiye makullan magaza da ban miƙa masa da safe ba a cikin tafinsa, na naɗe masa yatsu a kai. Dariyar ta tsaya.

Na ce, "Ɗan kawu, dube ni da kyau, yau ba wasa nake ba. Wannan cikin ba ƙoshi ba ne, barcin da ka hana ni ne ya taru a nan. Ka ce ka yarda da ni, ƙarya kake, ni ne kawai wanda ka san ba zai iya yi maka fushi ba. Bature ya tafi ya bar maka kujera da tabarau, bai bar maka ko ɗan tausayin da yake yi wa jakinsa ba. Ga makullanka, ka kwana da gyaɗarka ko dare ɗaya ka ji. Zumunci yana nan don uwata tana raye, in ka mutu zan bi gawarka. Amma wasa ya ƙare tsakanina da kai, kuma in ka sake taɓa cikin nan, hannun ba zai koma gida yadda ya zo ba."