Mai Guduma da Ajin Ƙarƙashin Matakala

"Ba zan kwashe su ba, Yallaɓai."

Haka Malama ta ce wa shugaban makaranta, tana tsaye a ƙofar ɗakin duwatsu. Shi ɗakin yake so ya zuba kwamfutoci, kuma ba a ce ba shi da hujja ba, don masu karatun ilimin duwatsu a manyan azuzuwan sakandaren ba su taɓa cika benci uku ba.

"Haba Malama, duwatsu ne fa! Duk inda mutum ya taka ga su nan. A zuba su a ramin bakin get, ko motoci sa huta."

"Wannan da kake nunawa da ƙafa daga ƙasan tsohon teku ya fito, ga sawun kwanso a jikinsa. In akwai irinsa a bakin get, sai a kawo mini."

Ita ce wadda mu ɗalibanta muke kira Mai Guduma, saboda 'yar gudumar da ke kwana a jakarta tare da man shafawa da makullin gida. Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa ta goge kantoci, ta jera duwatsun darasin ranar. Ba ta yarda ɗalibi ya faɗi sunan dutse daga nesa. Sai ka fasa shi ka ga cikinsa, ka karce shi da farce, in ya ƙi ka sa ƙusa, ka jiƙa shi da harshe don ƙwayoyinsa su fito sarai. Laka kuwa da haƙori ake gane ta: in ta yi ƙaras-ƙaras akwai yashi, in ta yi santsi yumɓu ce.

Wannan lasar ta jawo mata surutu. Wata uwa ta zo har makaranta tana huci.

"Ni likita na turo 'yata ta zama, kin maida mini ita akuya tana lasar dutse!"

"Yi haƙuri, Hajiya," in ji Malama, "harshe ma kayan aiki ne. Ga waɗannan farare guda biyu, ɗaya gishiri ne. Wanne ne?"

Hajiya ta juya su, ta sake juyawa, ta waiga ko ana kallonta, ta lasa. Yarinyar dai ba ta bar ajin ba.

Shugaba bai sake yi mata magana ba, hutu ya jira. Aka canja kwaɗo, leburori suka kwashe duwatsun a baro suka juye a ramin nan. Ranar da aka dawo, motoci sun riga sun bi ta kansu. Malama ba ta je ofis yin kuka ba. Ta tuɓe takalmi, ta yi ɗamara da mayafinta, ta tsuguna a bakin get tana tono, iyaye da masu babur suna kallo. Mai gadi har yau yana ba da labarin. Takan ɗaga dutse ta share taɓon da babban yatsa, ta ce, "Wannan nawa ne. Wancan na titi ne, a mayar masa da abinsa." Muka tsuguna tare da ita. Wasu sun farfashe, wasu ba a sake ganinsu ba.

Abin da ya tsira ta kai ƙarƙashin matakalar bene, inda ake jibge tsintsiya da bokiti. Can ajin ya koma. Mai tsayi sai ya sunkuya. In 'yan azuzuwan sama suka sauko hutun tara, ƙura ta dinga zubo mana a ka, sai ta yi shiru har rugugin ya wuce, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya.

Da abin ya ƙi ƙarewa, sai aka zo mata ta lalama. Aka ce ga kujerar mataimakiyar shugaba, ga ofis da fanka, in dai za ta ajiye darasin. Ita kuwa ta san in darasi ya shekara babu malami, cire shi ake yi daga jarrabawar makarantar, kuma ba ya dawowa.

"Wa zai karɓi ajin?"

"Ajin nan ya mutu, Malama," in ji shugaba, "ke kaɗai ce ba ki ji ba."

"To gobe ka leƙo ƙarƙashin matakala ka gaisa da gawarwakin."

Ke ce, Malama, kika koya mana cewa ƙasar da muke takawa tana da tarihi, kuma 'ya mace na iya karanta shi. Ke ce kika hau tudu da mu cikin rana, kina gaba, muna haki a baya. Masu yi mana dariya suna cewa me za a ci da dutse, yau ɗayarmu ce ke nuna musu inda za su haƙa rijiyar burtsatse, wani kuma ba a kafa gada sai ya duba ƙasar wurin. Wadda za ta karɓi ajin a hannunki ma a ƙarƙashin matakalar nan ta yi karatu. Mun gode, Mai Guduma. Allah ya saka miki da alheri. Duk malamin da aka ce masa darasinsa ba shi da amfani, ya dubi matar nan, kada ya yi saurin miƙa makulli.

Amma ya kamata ya san abin da zai biya. A ƙarshen wannan zango Malama za ta yi ritaya a matakin da take tun ranar da ta ce a'a. Waɗanda ta koya wa riƙe alli sun zama shugabanninta, ita ke fara gaishe su. Bayanta ya ranƙwafa saboda sunkuyon shekaru, ba ta iya doguwar tsayuwa. Ɗakin duwatsun kuwa ba a taɓa mayar mata ba.