Tsakuwar da Yaya Ya Ƙi Jefawa

Shekarar da muka zo Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya daga Damagaram, ni da yayana, muka samu aikin gini a Idlès. Motar siminti ce ta kwashe mu, leburori bisa buhuna, kowa ya naɗe fuska da rawani.

Direban wani dattijo ne Ba'abzine, kuma ba ya ƙidaya mutane. Wai wanda aka ƙidaya, baki na kama shi. Kwano gare shi. In an tsaya, mai sauka ya jefa tsakuwa ɗaya ciki, in zai hau ya ɗauke ɗaya. Kwano ya zama wayam, to kowa ya hau ke nan. Daga baya wani malamin lekkol, wato makarantar boko, ya gaya mini haka 'yan Adam suka fara lissafi tun babu ɗaya babu biyu, kowace akuya da dutsenta. Mu dai ran nan ba mu ga lissafi ba, asiri muka gani.

Yaya ya raɗa mini, "Wallahi ɗaure mu zai yi, ya miƙa wa jandarma." Shi Yaya ko inuwarsa bai yarda da ita ba.

Da muka tsaya sallar azahar, ya dire ta baya bai jefa komai ba, ya zaga bayan duwatsu kama ruwa, ya daɗe can. Kwano ya zama wayam, mota ta tashi. Na ɗauka yana cikin masu rawanin can baya. Sai da muka yi nisa na kira shi, shiru. Hanyar nan mota kan kwana biyu ba ta bi ba, ga shi ba ruwa gare shi.

Na yi ta dukan rufin mota har aka tsaya.

"Baba, an bar yayana!"

Dattijon ya leƙa kwano, ya ƙare mini kallo. "Yaro, ba tsakuwar kowa a nan. Wa ke jira na a baya? 'Yan fashi?"

Na yi rantsuwa, na yi kuka, ya ƙi juyawa. Haushi ya kama ni, na fizgi jarkar ruwa na dire.

Rana ta kusa faɗuwa na iske Yaya zaune bakin hanya, leɓɓansa sun tsattsage. Ya kafa kai ya sha, ya sha. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ka gani ko? Ai na gaya maka mutumin nan ba shi da gaskiya."