Hagis ɗin Ishbel Garvie

Ishbel Garvie ta zo Thunder Bay daga Sikotlan tana amarya, ta kama aikin girki a gidan kula da tsofaffi, ta kuwa tsufa a bakin murhun. Mijinta Alasdair ma'aikaci ne a jirgin dakon alkama da ke ratsa babban tafki. Mutum ne mai son nama da tsokana. Da likita ya hana shi kitse saboda zuciya, sai Ishbel ta rasa yadda za ta yi da hagis, abincin da 'yan ƙasarsu ke ci a walimar ƙarshen Janairu, wanda asalinsa kayan cikin tunkiya ne. Ta ɓarza hatsi, ta haɗa da wake, gyaɗa, albasa da masoro, ta turara. Ya ɗanɗana ya ce wannan ai abincin zomaye ne, sannan ya miƙo faranti a ƙara masa.

Kaka ta zagayo, iska ta taso musu a tsakiyar tafki, igiyar ruwa ta share shi daga kan jirgi. Ba a ga gawarsa ba.

Kowa ya ɗauka walima ta mutu ke nan, amma da Janairu ya yi ta aika wa abokai. Tsoho Hamish, abokinsu, ya zo da algaitarsa mai salka irin ta Sikotlan, Oksana maƙwabciyarta ta kawo biredi. Ana shigo da hagis cikin busa, sai Ishbel ta ji sanyi ya ratsa ta ta gefen hagu, da warin ruwan tafki. Bayan an watse ta tarar da tabarmar bakin ƙofa sharkaf, alhali takalman baƙi duk a baranda aka bar su. Ta matse ta, ta shanya, ba ta gaya wa kowa ba.

Haka abin ya riƙa faruwa duk shekara. Tun tana kwana da fitila a kunne, har ta saba, ta koma ƙara masoro kaɗan don haka Alasdair yake so. Wata shekara wata sabuwar abokiyar aikinta, Perpetua, wadda ba ta taɓa jin labarin ba, ta same ta a kicin tana niƙa dankali.

"Anti Ishbel, dogon mutumin nan da ya riƙe mini ƙofa, ba za a ba shi tawul ba? Jikinsa duk ruwa."

Ishbel ta ajiye ludayi. Ta ce, "Ƙyale shi. Ba ya zama."

Hamish da ke tsaye a bayansu bai yi busa ba ran nan. Ya ce ƙirjinsa ne, ya kurɓi wuskinsa, ya tafi da wuri.

Da gwiwoyinta suka gaza, 'yarta Rhona ta dage sai ta dawo wurinta a Regina, inda babu komai sai fili da gonaki. Ishbel ta yi ta ja, daga baya ta sayar da gidan. Janairun farko ta girka hagis, jikoki suka gayyato abokansu, aka ci aka yi rawa har da ture kujeru. Ita dai idonta na ƙofa. Tabarma ta kwana a bushe.

Washegari Rhona ta gan ta tana wanke tukunya tana hawaye, ta tambaye ta ko ƙafar ce.

"Nan ya yi masa nisa da ruwa," in ji ta.

Rhona ba ta gane ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ta ci gaba da girkin duk shekara saboda jikoki, har ta koya wa ƙaramarsu. Da ta rasu, bisa wasiyyarta, suka yi doguwar tafiya da mota suka binne ta a Thunder Bay, a maƙabartar da ke kan tudu, mai kallon tafki. Oksana ce kaɗai ta rage cikin tsofaffin abokai, ita ma a keken guragu aka turo ta.