Za a Hau Sama

Shekarar da muka kama haya a unguwar Limanti na ɗauko wata ɗabi'a da matata ke kira haukan taurari. Ana idar da sallar isha'i sai in jingina tsani in hau rufin ɗakinmu da kyamara. Abin da nake farauta wani tarin taurari ne mai nisan gaske, naɗaɗɗe kamar gammo, wanda da ƙyar ido ke tsinkayarsa. Kullum hasken ƙwan sola na gidan maƙwabcinmu ke wanke min hoton.

Ashe daga rufin nan tsakar gidansa a fili take. A unguwar kuwa, ko mai gyaran rufi ba ya hawa sai ya ɗaga murya mata sun kimtsa. Ni ina hawa shiru, ga kuma kyamara a hannu.

Wata la'asar mai gidan hayar ya tare ni a ƙofa.

"Malam, maƙwabci ya kawo ƙara, wai hoton iyalinsa kake ɗauka."

A makarantar 'yan mata nake koyarwa. In wannan magana ta zaga gari, sunana ya gama lalacewa, babu uban da zai sake yarda da ni.

Na je na durƙusa gaban maƙwabcin, wani dattijo Babarbare mai ƙarancin magana, na roƙe shi ya hau ya gani da idonsa. Bayan isha'i ya hau yana haki. Na saita kyamarar ina addu'ar kada gajimare ya tona min asiri. Da hoton ya fito, baƙi ne ƙirin, sai wani ɗan fari-fari a tsakiya.

"Wannan ne kake hawa dominsa?"

"Shi ne, Baba."

Ya karɓi kyamarar ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ya juya ya dubi tsakar gidansa, ya daɗe. Sannan ya sauka ya tafi. Ranar ban runtsa ba.

Washegari bayan isha'i na tsaya gindin tsani ina ta wasiwasi. Daga ƙarshe na ɗaga murya: "Salamu alaikum, za a hau sama."

Na ji ƙarar takalma a gidan maƙwabcin, aka rufe wata ƙofa. Ina kaiwa rufin, sai aka kashe ƙwan solar gidan.