Ranar da Baba Ya Ce Ni Ɗansa Ne

Ni ɗan manomi ne, daga wani ƙauye kusa da Makoda, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan. Ban tashi da yunwa ba, kada wani ya ce talauci ne ya sa ni sata. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ake yi sosai. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ba ta yi min magana a gaban mutane. Kakata Iya ce ta riƙe ni, a wurinta kuwa ba na laifi.

Da kalar gyaɗa na fara. In an gama cire gyaɗa, yara kan bi gona su tsinci ragowa, ba mai hana su. Ni kuwa sai na riƙa yin tawa kalar tun mai gona bai cire ba. Da maƙwabcinmu ya kawo ƙara, Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "A faɗa wa Iya." Iya ta ce, "Haba, gyaɗar nawa take? Yaro ne fa!" Har soya min ita ta yi. Wallahi da a ranar Baba ya dube ni ya ce in bari, da na bari. Kunya ta hana shi, ni kuma na ɗauka ba komai ba ne.

Daga gyaɗa sai kaji, daga kaji sai awaki. Kafin in yi gemu na koma kan babura.

A wata kasuwa wajen Bici dubuna ta cika, da rana tsaka. Na tayar da babur ɗin wani mai hatsi, ya mutu min a tsakiyar 'yan tumaki. Kafin in dira an rufe ni da duka. Wani ya rataya min taya, wani yana ihu a kawo fetur. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata! In yana da uba a nan ya fito, mu miƙa shi ga hukuma. In babu, ba ruwana."

Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango Baba. Ashe ya kawo rago sayarwa, ga igiya a hannunsa. Muka haɗa ido. Fetur ya fara gangaro min a wuya. Mutumin da bai taɓa cewa ni nasa ne a cikin gidansa ba, yau zai faɗa a kasuwa, a kan ɓarawo? Na rufe ido, na kama kalmar shahada.

Sai na ji sunana, da muryar Baba. "Ɗana ne! Ni na haife shi, ni ne ban kwaɓe shi ba!" Ya saki ragon ya faɗo kaina. Sandar da aka nufe ni da ita ta sauka a kafaɗarsa, har yau hannun ba ya ɗaguwa.

Shekara uku na yi a gidan yari. Da na fito na bi gidajen da na cuta ina neman gafara. Wasu sun yafe, wasu sun kore ni, ban ga laifinsu ba.

Yanzu duk Asabar ana zaman koyar da iyaye tarbiyya a firamaren garinmu: yadda za ka tambayi yaro inda ya samo abu, yadda za ka tsawatar ba da duka ba, ba kuma da shiru ba. Baba ne ke riga kowa zuwa, da furfurarsa. Abokansa na tsokanarsa, wai tsoho ya koma aji. Ya ce musu, "Haihuwa na iya, riƙo ne ban iya ba." Ina zaune a gefensa, na kasa ɗaga kai.

Samari, ku ji ni. Abin da ba naku ba, ko ƙwayar gyaɗa ce, ku bar shi. Gobe kuma ku ne iyaye, ku je ku koyi riƙon yara, kada kunya ta rufe muku baki. Na san mutum biyu da muka yi sata tare, su ma an rataya musu taya. Babu ubansu a kasuwa ranar.