Azumin da Ba na Allah Ba

A shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori ina aikin ba da magani a wani ƙaramin asibiti a gefen garin Mafara. Daga nan ake kula da ɗakunan shan magani na ƙauyuka, har wajen Bakura da Maradun. Aiki ya sha kanmu. Leburori na zuwa da yanka da karaya, mutanen da aka tasa daga gonakinsu na zuwa da zazzaɓi, ga tsargiya da ta biyo sababbin magudanan ruwa. Amma in gaya maka gaskiya, ba marasa lafiya ne suke tayar mana da hankali ba. Abincin rana ne, da wurin da mutum zai zauna ya ci shi.

Shugabanmu dattijo ne, tun zamanin En'e yake aikin. In an idar da sallar azahar ana shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar bedi, a kawo akushin tuwon dawa ko hoce daga gidansa. Mataimakinsa kuwa saurayi ne da ya dawo daga kwas a Kaduna, yana ganin kujerar tasa ce, tsohon ne kawai ya ƙi tashi. Shi tasa tabarmar a barandar sito take, da shinkafa, wani lokaci har da kifin gwangwani da yake samowa wajen Turawan dam. Da safe in ka ji su suna gaisawa, ana ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ƙwazo, sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Amma ban taɓa ganin hannayensu a kwano ɗaya ba. Wanda duk ka sa hannu a kwanonsa, kai nasa ne. Hutu, jadawalin aiki, makullin babur, canjin wurin aiki, duk a bakin kwano ake gama su. Taron da ake kira a ofis, na karanta abin da aka riga aka yanke ne.

Ni ba kujera nake nema ba, ba kuma babur ba. Abu ɗaya nake so, a bar ni a Mafara. Innata tana da ciwon suga, ga miki a diddigenta da ya ƙi warkewa, kullum sai an wanke an ɗaure. Ta kuma ce ba ta barin ɗakin da babana ya rasu ya bar ta, ko da sarki ne ya aiko. Sai ga raɗe-raɗi cewa za a buɗe sabon ɗakin shan magani can wajen Janbako, inda in damina ta sauka hanya take yankewa, kuma daga cikinmu za a tura mutum ɗaya. Kowane shugaba yana so a tura mutumin ɗayan. Na yi tunani na ce, to, in ban zama na kowa ba ai ba mai tunawa da ni.

Sai na fara azumin Litinin da Alhamis. Wannan kam da gaske nake yi, Allah ne shaida. In an ce bisimilla, in ce azumi nake, a ce Allah ya karɓa, in wuce abina. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai. Matsalar ita ce mako ba kwana biyu ba ne. Ran Talata na ce ramuwa nake. Ran Laraba na ce bakance ne. Kai, har na zama mutumin da ya fi limamin gari azumi, alhali da rana nakan zame in je gida in ci in ƙoshi.

Akwai wani tsoho mai wankin miki a asibitin, abokin babana ne tun suna samari. Babana mahauci ne, shi kuma a rumfarsa yake zama duk ran kasuwa. Ba shi da takardar kirki, amma ban taɓa ganin hannun da ya kai nasa iya miki ba. Shi kaɗai ne namijin da Inna take yarda ta miƙa wa ƙafarta bayan ni, don haka duk ranar da aka aike ni ƙauye shi yake zuwa ya wanke mata. Shi a tabarmar shugaba yake ci shekara da shekaru. Kusan kullum sai ya tsare ni ya ce, “Ɗana, ka taho ka ci abinci da mutane. Abin ga da kaka yi ba shi da kyau, ana kallonka.”

Ni kuwa sai in ce a raina, wa yake kallona in ba kai ba? Wa ya aiko ka? Na fara lura da shi. In ya shiga ofishin shugaba, ina duba tsawon zamansa. In ya fito ya yi mani murmushi, sai in ce ya kai ƙarata ke nan.

Wata Talata, ran kasuwa, ƙannen babana suka aiko wa Inna da nama, matata ta yi farfesu. Da safen nan na gaya wa tsohon nan da bakina cewa azumi nake. Da azahar ina zaune a ɗakin Inna, hannuna dumu-dumu cikin kwano, sai na ji sallama. Kafin in motsa Inna ta ce a shigo. Ya ɗaga labule da jakarsa ta auduga da bandeji, ya dube ni, ya dubi kwanon.

“A ci lahiya,” in ji shi. “Na ɗauka ka tahi Bakura, shi ya sa na biyo.”

Ya zauna ya wanke mikin, suna hirar mutanen da, ya tashi ya tafi. Bakura? Wa ya ce masa zan je Bakura? Sunana ba ya cikin masu fita ranar. Naman nan ban ƙara jin ɗanɗanonsa ba.

Washegari na je gaida shugaba, na durƙusa kamar kullum. Ya amsa, sannan ya ce, “Malam mai azumi! Allah shi karɓi ibada. Jiya ma an samu yi?” Mutanensa biyu da ke wurin suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunyar ta koma fushi tun kafin in kai ƙofa. Ashe abokin ubana ne zai kai ni a yi dariya da ni!

Ran Alhamis na tashi da niyyar azumi na gaskiya, har na yi sahur. Amma da azahar ta yi sai na wanke hannu, na ratsa tsakar asibitin kowa na gani, na je barandar sito na zauna. Mataimaki ya gyara zama ya turo kwano gabana, ya ce, “Bisimilla, ai mun daɗe muna jira.” Na karya azumina da shinkafarsa. Ban waiwaya gindin bedi ba, amma na san ana kallo.

Na yi kamar mako uku ina cin abincinsa bai tambaye ni komai ba, kuma shirun nan ya fi damuna. Rannan muna tsakar ci ya ce, kamar maganar ba ta dame shi ba, “Ka san shugaba sunanka ya rubuta Janbako? Na ce ban yarda ba. Amma dole a sa wani, kuma daga cikin nasa. Kai ka fi ni sanin su. Wa kake gani?”

Har yau ban sani ba ko da gaske an rubuta sunana, ko gwada ni yake. Ban ga takarda ba. Amma na san yadda ake yi a wurin nan: ba a kushe mutum in ana son kai shi ƙasa, yabonsa ake yi. Na ce, “Yallaɓai, mutanen ƙauye ai miki ne ciwonsu, sara da tuntuɓe da ƙaiƙayi. Kuma duk asibitin nan ba wanda ya kai Baba mai wankin miki. In ana son wurin ya yi suna, shi ya kamata.” Mataimaki ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa. A taro ya maimaita maganata kalma da kalma, shugaba kuma dole ya amince, don ba zai ce mutuminsa bai iya aiki ba.

Da takarda ta fito da sunansa, Baba mai wankin miki ya zo gida yi wa Inna sallama. Ya kira ni ya zaunar da ni, ya nuna mani mikin da ɗan yatsa. “Nan gefen kada ka kankare da ƙarhi, ka jiƙa shi tukuna. In ka ga ya fara baƙi, kada ka jira.” Na ce to, Baba. Ya dube ni ya ɗan jima, ni kuma ina ta neman abin da ke cikin kallon. Ya sani? Bai sani ba? Ya ɗaura kayansa a motar kasuwa ya tafi, ban raka shi tasha ba.

Ladana ya zo da wuri. Mataimaki ya miƙo mani makullin babur a gaban kowa, ya ce daga yau ni ne mai zagayen ƙauyuka. Kwana biyu a Bakura ana duba masu tsargiya a bakin magudanai, kwana uku a sababbin matsugunan Maradun. Na ce masa ina da mara lafiya a gida. Ya ce, “Haba, wa zan ba in ba nawa ba? Ko so kake su ce na ɗauko ka ban amince da kai ba?” Na gane in na mayar da makullin nan na tashi daga tabarmarsa ke nan, waccan kuma na riga na rufe wa kaina ita.

Na kawo wani abokin aiki ya duba Inna, ta ja zane ta rufe ƙafarta ta juya wa bango fuska. Mace ɗaya ce ma'aikaciyar jinya a asibitin, ita kuma ta ɓangaren shugaba ce. Na roƙe ta, ta ce sai da izininsa. Na je na durƙusa, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “In Allah ya so, za a duba.” Duk wanda ya yi aiki da shi ya san ma'anar wannan. Matata takan yi iya yinta da ruwan ɗumi da gishiri, amma ba ta san aikin miki ba.

Tsakiyar damina ruwa ya tsare mu a Maradun, kwana uku suka zama biyar. Na dawo da hantsi, jikina duk laka. Tun daga bakin ƙofar ɗakin na ji warin, kuma na san shi, aikina ne. Na warware bandejin, gefen ya yi baƙi har ya hau idon sawu. Na jiƙa na fara wankewa, Inna ta cusa bakin zanenta a baki tana nishi.

Da ta samu numfashi ta ce, “Hannunka na da nauyi. Ka aika a kira mani abokin ubanka.”

“Inna, hanya ta yanke. Mota ba ta shiga sai bayan ruwa.”

“To wa ya kai shi can, tsoho da shi? Mi ya yi musu?”

Na ce, “Daga sama anka yi, Inna.”

Ta dubi ƙafar. Inna ba mai zagi ba ce, tun da nake ban taɓa jin ta yi wa ko akuya baki ba. Sai ta ɗaga tafukanta biyu a hankali ta ce, “Wanda duk ya raba ni da bawan Allah nan, ban yahe ba. Allah shi isam mani.” Ta shafa, ta juyo ta dube ni, ina riƙe da almakashi.

“Ba ka ce amin ba.”

Na ce amin.