Gaisuwar Ɗan Fari

A gidanmu na Dakoro ba a taɓa jin Inna ta kama sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan zamanin da ce, masu kunyar ɗan fari kamar ta suruki. In za ta ba shi abinci sai ta miƙo mini kwano ta ce, "Kai wa wancan." In ya dawo daga kiwo ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana duban murhu. Ina ƙarama na ɗauka ƙin shi take yi, har na taɓa tambayarta. Ta ɗaga muciya ta ce in ɓace mata da gani. Sai da na yi wayo na lura kwanon wancan ɗin ne kullum ake binne wa tsokar nama a ƙarƙashin tuwo.

Shekarar da rani ya cinye mana bisashe, yayana ya bi samarin unguwa zuwa haƙar zinariya, can arewa bayan Agadas. In ya samu rezo, wato layin waya ya kama, sai ya kira wayar Baba. Ba ya cewa a ba Inna, ita ma ko an miƙa mata ba za ta karɓa ba. Baba ne zai shigo cikin gida ya tsaya bakin ɗakinta ya ce, "Yaron nan ya bugo, yana gaishe ki." Ita kuma ta ce, "Ina amsawa," ta ci gaba da tankaɗenta. Hirar uwa da ɗa ke nan gaba ɗaya. Amma duk ranar da aka yi ta, miyar gidanmu ta fi mai.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko ta kusa da Kornaka, sai hutu nake zuwa gida. A wani hutun na iske gidan ya canza, na kasa gane ta ina. Baba ya rame, ya koma kwana da yini a zaure. Wayarsa da ke rataye a ƙusa kullum ta koma aljihu. Abin da ya fi ba ni mamaki, gidan Inna da mata ba su yankewa, wannan aron turmi, waccan kawo tsegumi, ya zama shiru kamar an yi shara. Ko aminiyarta ta katanga ɗaya sai ta leƙo ta ce "sannunku" ta ja kai. Na ce, "Inna, faɗa kuka yi da mutanen unguwa?" Ta ce, "Kowa da abin da ya dame shi."

Ranar kasuwa na je sayen cuku wurin wata Buzuwa ta Azagor wadda muka daɗe muna ciniki. Tana ganina ta aje faifanta, ta kama hannuwana biyu ta ce, "Ɗiyata, ya haƙuri? Ya haƙurinmu?"

Na ce, "Haƙurin mi, Gwaggo?"

Ta dube ni, na dube ta. Na ga ta kai hannu ta rufe baki, amma magana zarar bunu ce. Ɗanta yana wurin, in ji ta, da hannunsa ya taimaka aka ciro yayana da abokan haƙarsa. Rami ne ya rufta. An yi musu salla an rufe su a can tun kafin damina ta faɗi. Ta yi ta rantsuwa ba ta san ba a gaya mana ba. Ban san yadda na ratso kasuwar bisashe na kawo gida ba. Na dai tuna wani dillali yana yi mini tsawa don na kusa shiga ƙarƙashin raƙumi.

Na iske Baba a zaure. Ban ko gaishe shi ba, Allah ya yafe mini. Na ce, "Baba, ashe gawa ce ke gaishe mu?"

Ya tashi da sauri ya janyo ƙyauren cikin gida. Ya ce, "Rage murya. Kin manta abin da likita ya ce kan tansiyon, hawan jinin uwarki? Ya ce labari mai nauyi ɗaya ya isa ya kada ta. Na rasa ɗaya, so kike in rasa biyu?"

Na ce, "To har yaushe?"

Ya ce, "Sai ta ƙara jin ƙarfi."

Ashe ya bi gida gida ya roƙi maƙwabta su kama bakinsu. A masallaci ya karɓi tasa gaisuwar, a tsaye, kamar mai karɓar kayan sata. Matan unguwa kuwa kowace na tsoron kada a ji mutuwar sarki a bakinta, sai suka ɗauke ƙafa. Wato don a tsare Inna daga baƙin ciki aka kwashe mata mutane, aka bar ta ita da turmi da kaji. Wannan wace irin dabara ce, jama'a?

Na shiga bayan ɗaki na yi kukana da zane a baki. Da na fito na wanke fuska, sai ga Baba ya shigo ya tsaya inda ya saba tsayawa. Da kunnena na ji shi ya ce, "Yaron nan ya bugo, yana gaishe ki." Inna ta ce, "Ina amsawa." Miyar ranar lami ce, ko gishiri bai ji ba.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya kawo gero ya ce a daka gumba, zai yi sadaka don iyayensa da suka riga mu gidan gaskiya. Na san ƙarya ce, ta arba'in ɗin yayana ce da ta wuce bai samu yadda zai yi ba. Na ce zan daka, Inna ta karɓe taɓaryar. Ita da ba ta daka sai da lugude da 'yar waƙa, ranar ba ta ce uffan ba. Da gumbar ta yi laushi ta shiga ɗaki ta fito da dabino, ta ɓare ta zuba, ta ci gaba da daka. A duk gidanmu mutum ɗaya ne ke son gumba da dabino, har muna yi masa tsiya a kai. Iyayen Baba ko ɗanɗana irinta ba su taɓa yi ba.

Da aka fita da sadakar na zauna kusa da ita, na ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai na faɗa. Na ce, "Inna, akwai maganar da..."

Ta ɗaga mini hannu. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ba taki ba ce. Wanda ya yanka ragon suna, shi ke da bakin faɗa. Ki bar shi ya faɗa mini da kansa."

Na ce, "Ashe kin sani?"

Ta ce, "Ni mi na sani? An ce yana gaishe ni."

Na ruga zaure. Na ce, "Baba, wallahi ta sani. Ka je ka faɗa mata ta samu ta yi kukanta, mata su shigo su zauna da ita." Ya ce, "In ta sani, mi ya hana ta tambaya?" Na ce, "Haba Baba! Matar da ba ta taɓa kama sunansa ba, ita ce za ta buɗe baki ta tambaye ka labarinsa?" Ya ce, "To in ta tambaya zan faɗa." Na koma wurin Inna, ta ce in ya faɗa za ta ji. Haka na yi ta safa da marwa tsakanin zaure da tsakar gida har hutuna ya ƙare, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Shi ƙaryarsa ta yi masa girma, in ya warware ta yau sai ya amsa duk gaisuwar da ya ƙirƙira jiya. Ita kuma kunya ta ɗaure ta. Na tsani kunyar nan, na tsani tausayin nan, kuma har yau ban huce ba.

Na koma aiki, ina zuwa ina dawowa. Kowane zuwa sai in iske Inna ta ƙara shigewa cikin zanenta. Ba ta kuka, don wa za ta ce tana yi wa? Ba ta zaman makoki, don ba a yi mata mutuwa ba. Akwai wani rago balami da take turke da shi tun tafiyar yayana, ba ta taɓa cewa na wane ne ba, kowa dai ya san na ranar dawowa ne. Layya ta zo Baba ya ce a yanka, ta ce a bari. Dillalai suka yi ta zarya, ta ce ba na sayarwa ba ne. In ta sayar ta nuna ta sani, in ta yanka ta nuna ta fid da rai. Sai ta ci gaba da ba shi dusa da harawa, ragon na ƙiba tana ƙanjamewa. Wata rana na same ta ta dafa kansa tana motsa baki. Da ta ji tafiyata sai ta ce kaska take cire masa.

Abin da Baba ke gudu bai fasa zuwa ba. Ana tsakar zafin bazara aka kira ni aka ce Inna ta faɗi a bakin turken ragon. Ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Asibiti suka riƙe ta kwanaki suka ce mu koma gida da ita. Ba labari mai nauyi ne ya kada ta ba, tunda ba wanda ya ba ta shi.

Wata la'asar ina ba ta kunu da cokali, Baba ya shigo ya zauna a bakin gado. Ta kauda kai daga cokalin, ta kafe shi da idonta mai kyau. Ta yi ta kokawa da harshenta. Sai na ji ta faɗi sunan. Sunan yayana, cikakke, na yanka, wanda tunda na zo duniya ban taɓa ji a bakinta ba. Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. Sannan ta ce, "Malam, ina yake?"

Ta tambaya. Abin da ya ce yana jira ke nan. Ta tuɓe kunyar rayuwarta duka ta aje masa a gaba. A zuciyata ina cewa faɗa mata, Baba, don girman Allah faɗa mata, ko yini ɗaya ne ta yi kukan ɗanta a fili. Ya dubi hannunta da ya shanye, ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Ya bugo ɗazu. Yana gaishe ki."

Inna ta daɗe tana dubansa. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya ya shige kunnenta. Ta juya fuska wajen bango da ƙyar, ta ce, "Ina amsawa."

Ba ta ƙara magana da kowa ba. Washegari kafin azahar ta amsa kiran Allah.

Gidan ya cika maƙil. Matan da suka ɗauke ƙafa duk suka dawo, har da masu kuka da majina, kowace ta durƙusa gabana ta ce, "Ya haƙurin biyu?" Yanzu bakin kowa ya buɗe. A kan tabarmar Inna suka zauna suna ambaton sunan yayana, suna yabon halinsa, suna faɗin yadda ramin ya rufta, duk abin da ta yi marmarin ji. Ragon nan aka yanka aka ciyar da su.